Lissafin Mutum Biyu

Tabawa ce ta kawo zancen daga bakin famfo,
wai gwamnati na sassauta wa ma'aurata haraji
in miji na samu, matar ma na samu.
Na san wai ba ta da gindin zama,
amma na ɗauko ta har gida kamar tulu, ban zubar ba.

Daren nan muka baje lissafi a kan tabarma,
ni da Tanimu, fitila a tsakani.
Nasa mai takarda ne, na kamfanin auduga,
ana cire rabon hukuma tun bai ga launin kuɗin ba.
Nawa yana cikin gwangwanin madara:
keken ɗinki, rumfa ta huɗu a Yelwa,
tikitin kasuwa kullum safiya,
da ɗan abin da allura ta tsira da shi bayan zare ya ci nasa.
Shekara goma sha tara tukunyarmu ɗaya,
sai ranar ya san abin da nake samu.
Ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Ashe ke kika sauya kwanon ɗakin yara?"
Na ce, "Da wa ka zata, damina?"

Litinin muka ratsa ranar Garwa zuwa ofishin haraji,
shi da rigar sallar bara,
ni da atamfar da na ɗinka wa wata, ba ta dawo karɓa ba.
Fanka na ta waige-waige kamar ta ɓatar da ɗanta.
Akawu ya ba mu rabin kunne,
ya ce kafin a zo ga ragi ko rashinsa,
ina takardar aure?

Tanimu ya dube ni. Na dubi fanka.

Na ce, ranka ya daɗe, an ɗaura shi bayan Juma'a
a ƙofar gidan Malam Barau,
goro ƙwarya biyu, sadaki sefa dubu goma sha biyar,
shekarar da Binuwai ta cika ta kwanta a gonakin albasa.
Shaidu? Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya,
ɗaya yana Kusuri yana facin taya.
Ga Balaraba, ga Sale, ga auta mai wawulo,
sai dai ba wanda ya zo duniya da hatimi a goshi.

Ya ƙwanƙwasa na'ura, ya juyo mana fuskarta.
A ciki Tanimu tuzuru ne.
Ni kuwa budurwa,
budurwa mai furfura uku a gefen kunne
da ciwon baya na taka keke.

Ya ce sai ofishin magajin gari:
hotuna, kan sarki, shaidu masu katin ɗan ƙasa,
a liƙa sunayenmu a allo
ko akwai mai cewa bai yarda ba.
Daga nan fa? Ya ce daga nan sai a duba.

A hanya na lissafa da yatsu.
Kuɗin hoto, kuɗin babur, yinin da rumfa za ta kwana a rufe.
Ragin, in ma akwai shi, ya ƙare tun a bakin ƙofa.
Na buɗe baki zan faɗa,
sai na ga mutumin ya tsaya wurin mai tsire,
ya sayi tsinke biyu, ya cire hula, ya gyara murya.

"'Yammata, tunda hukuma ta ce ba ki da kowa,
ina zan kai gaisuwa?"

Na karɓi tsinken, na ƙi dariya.
Na ce sai na yi shawara.
Ni fa ina da keke, ina da rumfa.
Kai, saurayi, nawa kake samu?